Kwanon da Kaka Bai Kwana a Ƙarƙashinsa ba

Jiya ruwa ya tsare ni a wata rumfar kwano a kasuwar Yendi, ina jiran ayarin goron da za mu bi zuwa Bawku. Ƙarar ruwan a kan kwanon nan ita ta mayar da ni ƙauyenmu na bayan Salaga.

A can, in rani ya yi, ruwan tafki muke sha, mu da shanu da kwaɗi. Don kauri, sai ka tauna kafin ka haɗiye. Da an fara shuka kuma sai kurkunu ta sauka. Rabin 'yan makarantar allonmu a kwance, kowa da tsinke a ƙafa ana naɗe tsutsa a hankali. Ta ƙanena a gwiwa ta fito. Har yau yana ɗingishi.

Kakanmu tsohon falke ne. A tafiyarsa ta ƙarshe ya taho da kwanon rufi daga Kumasi, don ɗakinsa. Ya jingine shi a zaure, kullum sai ya goge shi. Ko ƙuda bai isa ya sauka a kai ba tare da sallama ba. Nakan ce masa, "Tsoho, kwanon nan rufi za ka yi da shi, ko aurensa za ka yi?" Ya kai mini sanda, in goce.

Ranar da ya ga ƙanena yana jan gindi zuwa makaranta, sai ya tafi wurin Malam.

"Malam, a kudu na ga masu shan ruwan kwano ba sa kurkunu. A yaye ciyawar makarantar nan, a rufa mata kwanona."

Aka rufa kwanon. Aka fafe itacen giginya aka yi indararo, aka haƙa rami mai zurfi, mata suka daɓe shi, aka yi masa murfi. Ruwan farko da ya sauka Kaka ya hana a tara, ya ce sai ya wanke kashin tsuntsaye. Muna kallo yana bin ƙasa, kamar mu yi kuka.

Duk ranin nan daga ramin muka sha, kowa ya cika gorarsa ya tafi da ita gida.

Amma da shuka ta zagayo, sai ga kurkunu a ƙafar yara da dama, waɗanda suka sha tafki kafin ramin ya cika. Ba mu san takan yi shekara a jiki kafin ta fito ba. Mutane suka ce tsoho ya yi asarar kwanonsa. Ni ma na tsokane shi. Wannan karon bai ɗaga sanda ba. Ya ce, "Ku dai ci gaba da sha, jikana."

A daminar nan ya rasu, a ɗakinsa na ciyawa, ƙwarya biyu na tarar yoyo a gefen gadonsa.

Shuka ta gaba, tabarmar makaranta ta yi mana kaɗan. Ƙanwata, wadda muke jin tsoro a kanta, da gudu take zuwa, ƙafarta sumul.

Yanzu kwano ya fara yawa a Yendi, ruwansa na kwarara a titi, ba mai kallonsa. Na jira ya wanke rufin tukuna, sannan na miƙa gorata.