Jan fentin Lelya Tsveta a Kwarin Tumaki

Shekara talatin da ɗaya ke nan, duk safiyar hunturu, Lelya Tsveta kan ɗaura allunan zamiya kan ƙanƙara a ƙafa, ta bar bukkar matafiya da ke can ƙuryar tsaunin Pirin, ta haura da shebur a baya. Sai ta haƙa rami a dusar ƙanƙara har iya ƙirji, ta bi hawa-hawan tana dannawa, da dunƙulen hannu, da yatsa, da wuƙa, don ta ji taurinsu. In ta dawo ta rubuta wa kowace hanya abu biyu a allon bakin ƙofa: lamba ta wahalarta, launi na haɗarin zaftarewar ƙanƙara. Bana za ta ajiye aikin, gwiwa ta ƙi.

Ƙwararrun masu zamiya su ne ciwon kanta. Da sun ga lamba ɗaya, wato hanya mai sauƙi, ba sa ko kallon launin.

Haka ɗan ƙanwarta Rumen, mai yi wa baƙi jagora, ya iso wata Asabar da mutum shida daga birnin Sofiya. Kwarin Tumaki suka nufa. Lamba ɗaya, launi ja, wato babban haɗari.

"Haba Lelya!" in ji shi. "Kwana uku ko ɗigo bai sauka ba. Kwarin da nake bi tun ina da majina?"

"Har yanzu da sauranta. Iska ta tara dusar ƙanƙara a gefen arewa, ƙarƙashinta kuwa kamar garin sukari ne, ba ya riƙe komai."

"Mutanen nan hutun shekara suka ɗauka."

"Su ci miyar wake, su koma da ƙafafunsu. Ni ba zan kira uwarka in ce na goge ja don kada ka ji kunya ba."

Mai dafa abincin bukkar ya ce Rumen ya yi jifa da safar hannunsa, amma ya fasa tafiyar. Kwarin kuwa bai zaftare ba, ran nan ko washegari. Baƙi suka tafi suna ƙunƙuni, Rumen ya yi wata huɗu bai gaishe ta ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba ta kuwa ɓoye ba. Da aka tambaye ta ko kuskure ta yi, cewa ta yi, "Oho. Ramin na karanta, ba gaibu ba."

Ke ce mai aikin da in ya yi kyau babu abin nunawa, Lelya. Ba ki taɓa tono kowa daga ƙarƙashin ƙanƙara an tafa miki ba, hana su shiga kika yi, aka bi ki da harara. Mun gode.

Wanda zai karɓi allon nan ya koyi haƙuri da fushin danginsa. Rumen dai bana ya aurar da 'yarsa, kuma har a wurin bikin yana rantsuwa cewa da an bar shi ya bi kwarin ran nan, da lafiya lau zai wuce.