Kyarkecin Baba Isuhu

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, wallahi a kan idona ya faru, a birnin New York, shekarun dubu biyu da goma sha wani abu, lokacin ina aiki a wani shagon naman halal a unguwar Mount Hope ta Bronx. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya bar min kayana. Ni dai na san abin da na gani, kuma da rana tsaka na gan shi, balle a ce barci ne ya ɗebe ni.

A shagon muna tare da wani dattijo, Baba Isuhu, mutumin Damagaram, shi yana kan sara ni ina kan sikeli. Kun san Bakano da Badamagare, ba a gaisawa sai an tsokani juna, shi kullum "bawana" yake ce min, ni kuwa in ce masa ai Kano ce ta goya su. Kafin ya zo Amurka maharbi ne, gadon gidansu ne, kuma a daji ya samu raunin da ya sa yake jan ƙafar dama in yana tafiya. Iyalinsa duk suna gida, rabonsa da su kuwa ya daɗe ƙwarai.

Duk ranar Lahadi sai ya tattara tarkacen nama, ƙashi da kitse da kayan ciki, ya ƙulle a leda, ya hau tiren, wato jirgin ƙasa, har ƙarshen layi, inda akwai wani ƙaton daji da aka killace don shaƙatawa. Ni na ɗauka maguna yake kai wa. Wata rana na matsa masa ya tafi da ni, muka shiga can ciki, ya juye naman a kan wani falalen dutse, ya yi fito sau biyu, ya ja baya. Kai, jama'a! Sai ga wata dabba ta fito daga cikin itatuwa, kamar kare amma ba kare ba, toka-toka, kunnenta ɗaya a tsage. Irin kyarkecin ƙasar nan ne, wanda suke kira koyoti. Na riƙe rigar Baba ƙam, ita kuwa ta ci namanta ko kallona ba ta yi ba.

A hanyar dawowa ya ce min, "Kyarkeci kan gidanmu ne. Ba mu harbinshi, kuma duk abin da muka kasa sai mun aje mishi rabonshi. Na baro ƙasata ina zaton na baro kowa nawa, ashe akwai 'yar'uwa a nan."

Na ce, "Haba Baba, wannan ai Ba'amurkiya ce, ko Hausa ba ta ji."

Ya ce, "Kai Bakano, mi ka sani in ba awo ba?"

To, ana nan sai abu ya ɓaci. Dabbar nan ta fara fitowa bakin gidaje, tana bin duk wanda ta gani da leda a hannu, har ta ɗauke ɗan ƙaramin karen wata tsohuwa. Mutanen unguwar da ke gefen dajin suka kira mitin a kan abin da za a yi da kyarketan da ke cikinsa. Baba ya ji labari, ya ce dole mu je, ni zan yi masa tafinta, don Turancinsa bai wuce na ciniki ba.

Ban taɓa ganin Turawa sun yi zafi a kan dabba haka ba. Tsohuwar nan tana kuka tana cewa a kashe su duka, yau kare ne, gobe jikan wani. Wani mai ƙaton gemu ya miƙe ya ce su dabbobin sun riga mu zuwa wurin, mu ne baƙi, kuma su ke rage mana ɓeraye. Wani ya ce ai irin wannan tausayin ne ya sa makiyayan yammacin ƙasar suke asarar shanu. Aka yi ta cacar baki, sai wata ma'aikaciyar kula da namun daji, matashiya mai hankali, ta ce kisan kan mai uwa da wabi ba ya magani, in ka kashe waɗannan wasu ne za su maye gurbinsu. Ta ce a bar su, ai tsoron mutum suke, sai dai in an tabbatar akwai wadda ta saba da hannun mutane, ita kam dole a kawar da ita. Na fara juya wa Baba wannan maganar ke nan, ban kai ƙarshenta ba, sai na ga ya miƙe tsaye.

Ku gane, a wurinsu maharba, in dabba tana da mai ita, aka fito gaban jama'a aka ce ta gidanmu ce, to magana ta ƙare, babu mai ɗaga mata baka. Shi abin da ya sani ke nan. Ya cire hula, ya ce, "Gaya musu mai tsagaggen kunnen nan tawa ce. Ni nake ba ta abinci, da hannuna. Ba ta da laifi, in da biya ni zan biya." Na ce, "Baba, zauna tukuna." Ya daka min tsawa ya ce in faɗa kamar yadda ya faɗa. Ga shi kowa ya zuba mana ido, na faɗa. Ma'aikaciyar nan ta runtse ido ta dafe goshi. Baba kuwa ya zauna yana murmushi, shi a ganinsa ya cece ta.

A tiren na yi masa bayani dalla-dalla. Da muka kusa sauka sai ya ce, "Ashe da bakina na yanka ta." Wallahi sai da na juya fuska, don ban iya kallon hawayen tsoho ba.

Ba a daɗe ba, wata safiya da hantsi, yana cikin sara sai ya saki wuƙa ya ƙwalla ƙara, ya riƙe hannunsa na hagu ya zube. Na ɗaga hannun rigar, sai ga wuyan hannun ya yi baƙi a zagaye kamar an datse shi da ƙarfe, alhali babu abin da ya taɓa shi. Aka tafi da shi asibiti, likitoci suka ce zuciya ce. Da la'asar ma'aikaciyar nan ta zo shagon nemansa, ta ce gara ya ji daga bakinta: da safen nan tarko ya kama mai tsagaggen kunnen, sun yi mata allura ta mutu. Na tambaye ta a ina ya kama ta. Ta ce ƙafar gaba ta hagu. Na nemi kujera na zauna.

Baba bai sake tashi ba. Ranar wata Asabar na je duba shi, ya kama hannuna, ya ce, "Bawana, gobe ka tafi wurin dutsen nan, kar ka kai komi. Ka gaya wa sauran kyarketan rabo ya ƙare, su yi nisa da mutane, su yafe mini." Ni ban yarda da magana da dabba ba, amma wa zai ƙi wa marar lafiya?

Washegari dusar ƙanƙara ta zuba tun safe, ta tsaya wajen azahar. Na isa dajin fari fat, babu sawun kowa sai nawa. Ina zuwa wurin dutsen na tsaya cak. Sawun mutum ne sabo, ya faro daga jikin dutsen, babu ta inda ya zo: taku ɗaya, jan ƙafa ɗaya, ƙafar dama. Na shekara nawa ina bin bayan wannan tafiyar a shago, ba zan kasa gane ta ba. A gefensa kuma ga sawun kyarkeci, ƙafa uku, ta huɗun ba ta taɓa ƙasa. Na bi su, suna tafe kafaɗa da kafaɗa har tsakiyar wani fili. A nan sawun mutum ya ƙare. Daga nan zuwa cikin itatuwa sawun kyarkeci biyu ne.

Ina tsaye a wurin wayata ta yi ƙara. Mai shagonmu ne, ya ce, "Sai haƙuri, Baba ya cika ɗazu da azahar." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na isar da saƙonsa da ƙarfi ina kuka, na juya, ban waiwaya ba har bakin titi.

Ni Musulmi ne, ban ce mutum ya rikiɗa ba, da hannuna aka saka Baba a kabari. Na ba wani malami labarin, ya ce in yi masa addu'a in bar wa Allah saninsa. To na bari. Amma 'yan'uwa da ke ƙasar mutane, don Allah kar ku ciyar da naman daji komai tausayinku, abin da yake kariya a gida, a nan shi ne hukuncin kisa. Kuma in tsoho ya gaya muku abin gidansu, kar ku yi masa dariya. Ku sa Baba Isuhu a addu'a. Ni dai har yau, in dusar ƙanƙara ta zuba, ba na duban ƙasa in ina tafiya.