Mijin Inna a Caji Ofis

Ɗana na fari tun yana shekara goma sha uku ya fi ni tsawo, kuma tsawon nan ne ya fara ja mana. Ni tela ne a unguwar Bukan Sidi, na daɗe a kan keken ɗinki, amma ban taɓa ɗinka wa mutum wando da safe ya ɗage masa kafin la'asar ba sai shi. In ya miƙe a tsakar gida kaji kan ɗauka magariba ta yi su nufi akurki. Ga wani ɗan baƙi-baƙi da ya fara fito masa a saman leɓe, wanda uwarsa ta rantse gawayi ne, ta sa soso ta dirza har hannunta ya gaji.

Sunansa kuwa ba za ku ji shi a wurina ba. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa masa, Allah ya jiƙansa, kun ga kunya ta zama biyu. Ana yaye shi aka miƙa shi ɗakin Inna, mahaifiyata, a can ya tashi. Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Ni kuma in yana kusa in ce "kai", in ya yi nisa in ce "wancan". Ita Inna, kamar kowace kaka da jikanta, ba ta kiransa sai "maigida" ko "mijina". Haka muke zaune shekara goma sha uku, ba wanda ya taɓa ruɗewa, sai ranar da hukuma ta shigo cikin lamarin.

Wata Juma'a ce, lokacin mangwaro, zamanin da komai namu sai an dangana da Jos. Ina tsakiyar kafa aljihu sai mai facin tayan da ke kusa da shagona ya leƙo ya ce, "Tashi, an kama mijin Inna." Wai an tashe su daga makaranta da wuri, shi da abokansa suka tsaya jifan mangwaro a hanyar Shabu. Dutsensa ya bar mangwaro dubu a sama, ya zaɓi gilashin motar wani babban ma'aikaci da ke ajiye a inuwa. Sauran yaran suka nutse cikin ciyawa. Shi ina zai ɓuya? Ko kwanciya ya yi ana hango shi daga garin Obi.

Na isa caji ofis da tef ɗin awo a wuya. Na tarar da shi a tsaye bayan kanta, ido ya yi ja, kansa na neman taɓa silin. A gaban kanta wani sajan ne mai ƙiba, mutumin Binuwai, da ƙaton littafi a gabansa. Benci biyu cike da jama'a, kuma rabinsu na san su, na ɗinka musu kayan Sallah.

Sajan ya dube ni ya ce, "Kai ne baban shi?"

To, jama'a, ku sa kanku a matsayina. A gaban mutanen unguwa, da rana tsaka, in buɗe baki in ce ni na haifi ɗan fari? Bakina ya riga hankalina. Na sunkuyar da kai na ce, "A'a, ranka ya daɗe, yaron gidanmu ne dai."

Sajan ya juya wurinsa. "Kai, wannan mutum wane ne naka?"

"Yayana ne," in ji shi.

Sajan ya rubuta. Yana cikin rubutun sai ga Inna ta faɗo ofishin, mayafi a hannu, takalmi ƙafa ɗaya, tana kuka tana cewa, "Ina kuka kai mini miji? Wa zai ba ni kuɗin cefane? Ku sakar mini maigidana!"

Sajan ya ajiye biro. Ya dubi Inna, mai shekarun da ita kanta ta daina ƙirgawa, ya dubi yaron tun daga ƙafa har silin, ya girgiza kai. "Mama, mijin ka ne?"

"Mijina ne mana! Duk Bukan Sidi wa bai sani ba?"

Mutanen benci suka ce ƙwarai, mijinta ne. Wallahi har da masu gyaɗa kai.

Sajan ya ce, "Abin duniya ba ya ƙarewa." Ya ɗauki biro ya rubuta shekara ashirin da biyu, magidanci, mata ɗaya. Ya kira wani kurtu ya ce a kai shi sel, sai Litinin a kai shi kotu. Na leƙa sel ɗin da aka buɗe. Mutum biyar ne a ciki, ƙarti, biyu sun sha burkutu sun yi faɗa da adda, ɗaya an ce shanu ya kora. Yaron da har ranar nan in za shi bayan gida da duhu sai Inna ta riƙe masa fitila, shi za a rufe da waɗannan kwana uku.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaro ne fa, shekararsa sha uku."

Ya ce, "Yaro da gashin baki da mata? Oga, kai ka ce ba ɗanka ba ne. Shi ya ce kai yayan shi ne. Mama ya ce mijin shi ne. Mutum uku, magana ɗaya. Ni na rubuta abin da na ji."

Na yi bayani har yawuna ya ƙafe. Na ce wasan jika da kaka ne. Ya ce shi a garinsu kaka kaka ce, miji miji ne, kuma mutum in ya haifi namiji mai tsawon nan, a kasuwar doya zai tsaya yana buga ƙirji. Abin da ya fi ba ni haushi, na rasa inda zan kama shi da laifi.

Allah ya taimake ni na tuna da wata mata 'yar ƙabilar Eggon da nake ɗinka wa 'ya'yanta kayan makaranta, tana aiki a ofishin jin daɗin jama'a, wanda muke kira welfiya. Na hau kekena na hawa na taka kamar ana bina da wuta, don ranar Juma'a ƙarfe ɗaya ofisoshi ke watsewa. Na same ta tana haɗa jaka. Ta saurare ni, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta tsuke fuska ta wanke ni tas.

Ta ce, "Malam tela, kai ka rufe yaron nan, ba sajan ba. Doka ta hana a haɗa yaro da manya a sel. Yaro irin wannan, a kan laifi irin wannan, ana ba da shi ga ubansa ko mai riƙonsa ya sa hannu ya tafi da shi gida. Kotunsu ma daban take, ba a tara musu 'yan kallo, kuma dole uba ya zauna a ciki, yana da bakin magana. Duk wannan haƙƙinku ne, kai da shi. Kai kuma ka je ka ce ba ka haife shi ba."

Na ce, "Kunya ce, madam."

Ta ce, "To kunyar ta je ta sa hannu."

Ta ce in kawo wata takarda da ke nuna shekarunsa, mu haɗu a caji ofis. Na biya gida na tsaya a ƙofar ɗakin uwarsa, wadda ta fi ni tsanani a wannan al'ada, don ita ko kallonsa ba ta yi in da mutane.

Na ce, "Ina katin asibitin wancan?"

Ta ce, "Wane wancan?"

"Wancan dai."

"Yaran gidan nan shida ne."

Ga ido ya kumbura da kuka, ta san sarai wanda nake nufi, amma so take ni in fara faɗa. Na ce, "Baiwar Allah, ana can za a kwana da ɓarayin shanu, ke kina nan kina mini jarrabawa? Na ɗakin Inna!" Ta sauke kwalla uku, ta zaro katin awo daga ƙarƙashin ta huɗu, naɗe cikin leda, ta ajiye a bakin gado ta juya baya, wai ita ba ta ba ni komai ba.

Na koma na tarar madam ta riga ni, har ta sa an fito da babban ofisa daga ɗakinsa. Ya duba katin, ya duba littafin sajan, ya ce, "Katin nan na yaro ne ɗan sha uku, ga sunansa, ga sunan ubansa. Littafin nan kuma na magidanci ne. Wanne ke cikin sel ɗina?"

Sajan ya ce, "Oga, abu mai sauƙi. In ɗan shi ne, ya kira sunan shi mu ji ko zai amsa."

Na dubi benci. Mutane sun ƙaru, har mai facin ya rufe shago ya zo kallo. Na dubi Inna, matar mai sunan, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na roƙi a ba ni takarda in rubuta. Sajan ya ce takarda ba ta da murya. Na ce to in raɗa wa kurtu ya kira. Madam ta dubi agogonta ta ce saura minti goma ofisa ya tafi, in ya tafi sai Litinin.

Na share maƙogwaro. Na ce, "Ni na haife shi. Ɗana ne na cikina." Sannan na kira sunan. Na farko ya fito kamar kukan ɗan tsako, ni kaina ban ji ba. Na biyu na rufe ido na kwarara shi yadda na tabbata an ji a tashar mota.

Shiru. Shirun da ya ishi mutum ya ɗinka riga da wando. Sajan har ya fara murmushi. Ashe yaron ya san sunan, ya san muryar, bai dai taɓa jin su tare ba. Can sai muka ji daga cikin sel, a hankali, "Na'am?"

Aka buɗe aka fito da shi. Sajan ya ja layi a kan ashirin da biyu, ya soke matar, yana ta gunaguni wai mun ɓata masa littafi. Na sa hannu a inda aka rubuta uba. Inna ta rungume yaron tana cewa, "Sannu maigida," sajan ya ɗaga biro ya ce, "Mama, don Allah, sai kun fita."

Mako na gaba muka je kotun yara. Ɗan ɗaki ne, majistare ba ya sanye da komai na ban tsoro, ga madam a gefe, aka rufe ƙofa. Aka tambayi yaron, ya ce shi ya yi jifan. Aka tambaye ni, na yi jawabin da ya fi jifan tsawo. Majistare ya yi masa faɗa, ya ce kada a sake ganinsa, sannan ya juyo ya ce tun da yaro ba shi da abin hannu, doka ta ba shi dama ya ɗora gyaran gilashin a kan uba. Na waiga ina neman uban, sai na tuna na riga na sa hannu. Ya kuma ce ba a yarda a baza sunan yaron a waje ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan dokar shekara goma sha uku ina binta, ita ta kawo mu nan."

Amma abin da har yau yake mini kaikayi a rai shi ne hanyar gida, ran Juma'ar. Na ɗauko shi a bayan keke, ƙafafunsa na share titi. Daidai kwanar unguwarmu ya taɓa mini kafaɗa ya ce, "Yaya, ashe ka san sunana?"

Na ce, "Kai, ɗage ƙafarka, kana cinye takalmi."