Ranar da Aka Dafa Mana Shinkafa Saboda Sufeto

Can shekarun baya, Nijar ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, aka sa ni wata lakwal, wato makarantar boko, ta kwana a yankin Tanout. Ina wajen shekara goma sha uku. Abincinmu bai taɓa canzawa ba: kunu tsararo da safe, tuwon gero rana da yamma, da miyar kuka wadda ruwa ya fi komai yawa a cikinta. Buhunan madarar gari kuwa, a gabanmu ake sauke su daga mota, amma sai a kasuwa muke sake ganinsu.

Ni na yi sa'a, gwaggona tana aure a garin. Kullum sai na zille gidanta na sha fura da nono, har na yi kumatu.

Abokina ɗan makiyaya ne daga kwarin Tarka, da nono aka raine shi. Duk ajinmu ba wanda ya kai shi ƙwaƙwalwa. Kafin wata shida gefen bakinsa ya tsattsage, dasashinsa yana jini, dundumi ya kama shi. Rana na faɗuwa ba ya gani, sai na riƙe hannunsa mu je cin tuwo. In ya yi gyangyaɗi a aji, malaminmu, wanda muke kira mushe da Faransanci, ya zabga masa bulala ya ce shi rago ne.

Wata rana aka ce sufeton makarantu zai zo daga Damagaram. Aka yanka tunkiya, aka dafa shinkafa. Darakta, wato shugaban lakwal ɗin, ya jera mu yana duba fuskokinmu. Ramammun, har da abokina, ya tura su daji neman itace. Ni da kumatuna aka zaunar da ni a gaba, ina ta jin daɗi wai an ga cancantata.

Sufeto ya tsaya a kaina ya ce, "Yaro, kullum haka kuke ci?"

Na dubi darakta, shi ma ni yake kallo. Na ce, "Kullum, mushe."

Ya shafa kaina, ya rubuta, ya tafi.

Da la'asar masu itace suka dawo, suka tarar har an wanke tukwane. Abokina ya ce, "An ce kai aka tambaya. Me ka ce masa?" Na kasa ɗaga kai.

Ba a yi sati biyu ba mahaifinsa ya zo. Ya buɗe bakin yaron ya duba, ya juya wajen darakta ya ce, "Malam, ko ɗan akuya aka ba ka kiwo, haka za ka mayar da shi?" Ya ɗora shi kan raƙumi. A gida ya warke da nono da gasasshiyar hanta, amma bai sake komawa lakwal ba.

Na daɗe ina zargin kaina. Yanzu da na tsufa, fushina ya koma kan manyan da suka san yara na ciwo, suka ɓoye su a daji, suka kuma sa wani yaron ya yi musu ƙarya. Ba fari ake yi ba a shekarar, akwai hatsi, akwai nono.

Bayan shekaru na haɗu da abokina a kasuwar Belbeji. Ya zaro takardar likita ta 'yarsa, ya ce, "Ɗan'uwa, karanta mini, kai ka yi boko." Na karanta masa. Ya riƙe hannuna yana ta godiya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.