Kalilu Ya Hana a Ara wa Muryarsa Fuska

Kalilu ɗan dako ne a Magama, inda manyan motoci ke tsayawa kafin su tsallaka iyaka zuwa Nijar. Asalinsa mutumin wani ƙauye ne a yankin Madarumfa, cikin Nijar. Yana saurayi ya biyo wata motar wake a matsayin yaron mota, motar ta lalace a Jibiya, direban ya tafi neman kayan gyara ya daɗe bai dawo ba. Yunwa ce ta sa Kalilu ya fara sauke wa mutane kaya a tasha. Ko da direban ya dawo, ya tarar yaronsa ya riga ya saba da garin, har ya yi abokai, sai kawai suka yi sallama. A nan ya auri Tsahara, 'yar Gangara, a nan suka haifi 'ya'yansu, Rukayya ce babba.

Gajere ne mai faɗin ƙirji. Wuyansa ya karkace zuwa hagu saboda shekarun ɗaukar buhu, yana da tsage a kumatu irin na mutanensu, haƙoransa biyu na gaba kuwa ƙofar wata tirela ce ta tafi da su. Amma yana da murya. Idan ana lodi shi ke ba da waƙa, sauran 'yan dako suna amsawa. Ba ya zama ya shirya ta, abin da idonsa ya gani shi yake sakawa: direban da ke barci baki buɗe, mai shayin da ya cika ruwa a madara, ɗan kasuwar da ke tsaye a kan mutane kamar shi zai ɗauki buhun. Wasu direbobin har jinkirta lodi suke yi sai layi ya zo kan ƙungiyar Kalilu.

Da aka rufe iyaka a daminar 2023, bayan juyin mulkin Nijar, Magama ta tsaya cak. Motoci suka yi layi, kaya suna lalacewa a ƙarƙashin tamfol, 'yan dako suka koma zama a inuwar tayoyi daga safe har la'asar. A cikin wannan zaman ne Kalilu ya yi waƙar da ta fita daga Magama. Amshinta gajere ne: kafaɗa ta huta, tukunya ta huta. Wani mai suna Yahya, wanda ke da ɗan ɗakin ɗaukar murya a cikin Jibiya, ya ji ta a bakin direbobi, ya zo ya lallaɓi Kalilu ya kai shi ɗakin, ya ɗora masa kiɗan fiyano. Waƙar ta bi wayoyi. Ta kai Katsina, ta tsallaka Maraɗi, ko da yake mutane da motoci ba sa tsallakawa.

Bayan girbi sai ga wani mai shirya bidiyon waƙoƙi daga Kano, sunansa Faruk, ya zo neman mai muryar. Ya same shi a rumfar mai shayi. Mutum ne mai ladabi, sai da ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya zauna ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce waƙar tana da kyau amma ba ta da hoto, waƙa marar hoto kuwa a zamanin nan ba ta nisa. Ya ce ya riga ya tsara komai. Za a ɗauka a bakin dam ɗin Jibiya, da mota mai kyau, da yarinya mai rawa, da sauyin kaya kala-kala. Akwai wani saurayi, Imrana, wanda 'yan mata ke son fuskarsa, shi zai fito yana motsa baki a kan muryar Kalilu. Sunan Kalilu zai fito a rubuce a farkon bidiyon, kuma ba za a bar shi hannu banza ba.

Kalilu ya ce a sake faɗa masa wurin motsa bakin, bai gane ba. Faruk ya sake. Ya ƙara da cewa ba wulaƙanci ba ne, haka sana'ar take. Mawaƙa da yawa ba a taɓa ganin fuskarsu ba, su ba da murya, 'yan wasa su ba da fuska. Mai kallo a waya ba ya da haƙuri, in bai ga abin da ya riƙe idonsa ba nan take zai wuce.

"Shi yaron ga, Imrana," in ji Kalilu, "ya taɓa ɗaukar buhu?"

Faruk ya yi murmushi ya ce bai zama dole ba, Baba.

"To mi za ya ce ma mutane ya huta? Kafaɗar wa?"

Faruk ya ce masa ya je ya yi tunani, shi zai dawo.

A gida Tsahara ba ta goyi bayan mijinta ba. Ta ce masa wata nawa rabon da ya yi lodi, ga mutum ya zo da alheri har ƙofa, shi kuma yana maganar fuska. Wa ya damu da fuska? Ita da ta aure shi ma ba don fuskar ba ne. Kalilu ya yi dariya har gibinsa ya fito, amma bai sauya magana ba.

A lokacin Rukayya tana gida hutu. Tana karatun aikin jarida a wata kwaleji a Katsina, kuma a zangon da ya wuce an koya musu tsarin bidiyon waƙa. Ita ma ba ta ga laifin Faruk sosai ba. Ta zauna kusa da mahaifinta a kan tabarma ta yi masa bayani yadda malaminsu ya yi musu. Ta ce bidiyon waƙa iri uku ne: akwai wanda ake nuna mawaƙi yana rerawa, akwai wanda ake ba da labari kamar ƙaramin fim, akwai kuma wanda hotuna ne kawai masu tayar da tunani. Ta ce hoton yana iya bin kalmomin waƙar, yana iya ƙara musu nauyi, yana iya ma saɓa musu da gangan. Ana yanka hoto daidai da bugun kiɗa. Ana yawan matso da kyamara kan fuskar tauraro, domin fuskar ita ce hajar da ake tallatawa.

Kalilu ya saurara har ta gama, sannan ya tambaye ta a cikin ukun nan wanne ne ya ce a ɓoye mai waƙar. Ta ce babu, al'adar masu sana'ar ce kawai. Ya ce to shi na farkon yake so, wanda ake nuna mawaƙi. Ta kalli wuyansa da bakinsa. Ya gane abin da take kallo.

Faruk ya dawo kamar yadda ya ce, kuma ya zo da sassauci. Ya ce za a bar dam ɗin, za a ɗauka a Magama cikin motoci. Imrana zai rera, shi kuma Kalilu za a nuna shi yana wucewa a baya da buhu a ka, don mutane su san akwai shi. Abokan aikin Kalilu da ke zaune a wurin suka ce wannan ai ya yi, har wani ya zungure shi da gwiwar hannu.

Kalilu ya miƙe tsaye. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, ka yi ƙoƙari, Allah shi yi ma albarka. Amma ni in wuce bayan muryata da kaya, wani na gaba yana cin ta? Shekara talatin ina ɗaukar ma mutane kaya. Wagga guda tawa ce, ni zan ɗauke ta."

Faruk ya ce ba wanda zai kalli bidiyon da babu abin kallo a ciki. Kalilu ya ce to kar a kalla. Suka yi musafaha, Faruk ya shiga motarsa ya tafi. Tsahara ta yi kwanaki ba ta yi wa mijinta magana sai ta dole.

Rukayya ce ta kasa barin zancen. An ba su aikin haɗa gajeren bidiyo kafin ƙarshen zango, sai ta aro kyamara a wurin Yahya ta ce wa mahaifinta su gwada. Ta zo da tsari a kanta, kuma daga ranar farko tsarin ya fara wargajewa. Ta so su ɗauka kusa da shingen iyaka, wani jami'i ya ce musu ba a ɗaukar hoto a wurin, suka koma filin da motoci ke fake. Ta aro masa babbar riga da hula, ya ce bai taɓa yin waƙar nan da babbar riga ba, ya saka tsohuwar rigar lodinsa mai yagaggen hannu. Ta ce ya rufe baki kaɗan in ya zo jan amshi. Ya buɗe shi fiye da da.

Babbar matsalar ita ce motsa baki. Ka'idar ita ce a kunna waƙar da aka ɗauka a ɗakin Yahya, mawaƙi ya bi ta da leɓe, daga baya a haɗa hoto da sauti. Kalilu ya kasa. Duk sanda aka kunna, sai ya sauya baiti, ko ya hango wani direba ya jefa sunansa, ko ya ja amshin ya wuce inda kiɗan ya tsaya. Rukayya ta yi ta maimaitawa har rana ta take, gumi ya jiƙa mayafinta. Daga ƙarshe ta ajiye kyamarar a kan tayar mota ta ce masa, cikin fushin da ba ta saba yi masa ba, shi ya hana Imrana motsa baki, ga shi shi ma ya kasa.

"Ban kasa ba, ɗiyata, ƙi na yi. Wancan da ke cikin na'ura Kalilun rannan ne. Ni na yau ne. Kashe shi ki ɗauke ni."

Ta kashe. Ta kira 'yan dakon da ke kwance a ƙarƙashin motoci suka taso suka tsaya a bayansa. Babu fiyano, sai tafi da wani da ke buga gefen tirela da sanda. Kalilu ya fara, Rukayya ta matso da kyamara har fuskarsa ta cika hoton, da tsagen, da gibin, da jijiyoyin wuyan. Bai yi murmushi ba, bai yi rawa ba. Ya kafa wa kyamarar ido kamar yadda yake kallon ɗan kasuwar da ya raina masa aiki. Ta yi niyyar yankawa ta nuna layin motoci, amma ta ga in ta ɗauke kyamarar za ta rasa baitin da ba zai sake fitowa ba. Haka ta bar ta a kansa har ya gama.

Malaminta bai ba ta maki mai yawa ba. Ya ce iska ta ɓata sautin, hannunta ya yi rawa a wurare da dama, kuma bidiyon da ba a yanka ko sau ɗaya ba sai mai shi ya nuna ya san dalilin da ya sa ya bar yankan. Rukayya ta yarda da gyaran. Duk da haka ta saka shi a intanet kamar yadda yake, don mahaifinta ya ce ba a taɓa masa ko daƙiƙa.

Bidiyon bai yi tashe a birane ba. Faruk ya samu wata waƙar, ya ɗauke ta a bakin dam da Imrana da mota da yarinya mai rawa, ita ce ta cika wayoyin matasa a shekarar. An nuna wa Kalilu, ya kalla har ƙarshe, ya ce yaron ya iya rawa. Nasa kuwa hanyar direbobi ya bi. A tashoshi ake tura shi daga waya zuwa waya, a Jibiya, a Ɗan Isa, a Maraɗi. Wasu sun yi dariyar bakinsa, sun rubuta maganganu marasa daɗi a ƙarƙashin bidiyon. Rukayya ta so ta ɓoye masa, ya ce ta karanta masa duka, ta karanta, ya ce saura, ta ce sun ƙare, ya tashi ya yi alwala.

Da aka buɗe iyaka, motoci suka fara motsi, wani direban Nijar ya sauko daga motarsa yana tambayar ina mai waƙar kafaɗa. Ba a nuna masa ba, da kansa ya gane shi a cikin mutane. Ya ce a garinsu Kalilu an kalli bidiyon a ƙofar masallaci, yayan Kalilu da ya tsufa ya riƙe wayar ya ƙi sakinta, yana ta cewa ga tsagen gidansu nan. Kalilu ya tambayi lafiyar yayan, ya tambayi ko an samu damina, sannan ya koma kan lodin da ya bari.

Bara wuyan ya ƙi. Likita a Katsina ya ce ya daina ɗaukar nauyi, ƙungiyar 'yan dako ta ba shi aikin tsara layi, yana zaune a kan benci yana kiran wanda zai shiga mota. Daga nan yake ba da waƙar yanzu. Tsahara ta buɗe sana'ar ƙosai a bakin filin, suna wuni kusa da juna suna gardama. Rukayya ta gama karatu, tana aiki a wani gidan rediyo a Katsina. Duk zuwan da za ta yi gida sai ya tayar mata da zancen bidiyo na biyu. Yana so a ɗauka a ƙauyensu, a tsakar gidan da aka haife shi, yayansa yana zaune a gefe. Ita ta ce sai ta samu makirufo mai tare iska, shi ya ce ta yi sauri, yayan nasa ba yaro ba ne. Sun tsayar da magana sai an sare gero.