Kakata da Ƙetaren Rafi

Rafinmu ba shi da suna. Rafi kawai muke ce masa, kamar babu wani a duniya. Daga duwatsun wajen Rano yake gangarowa, ya ratsa gonakin Zinyau, ya bi ta bayan ƙauyenmu ya nufi ƙasar Kibiya. Da rani yashi ne zalla: mata su tona rami su jira ruwa ya tsattsafo, Fulani su shayar da shanu can ƙasa, mu samari mu yi ta kokawa da la'asar har yashi ya cika mana kunne. Da damina kuwa sai ya nuna bai san kowa ba.

Asalin garinmu a ƙetare yake. Tun kakata, mahaifiyar babana, tana goyon fari ruwa ya dinga cin gaɓa har ya iso bakin masallaci, mutane suka kwashe suka dawo wannan hayin. Maƙabarta ce ba a iya kwashewa ba. Aka ci gaba da kai mamata can, sai fa wanda ya rasu rafi na cike, shi kam a wannan gefen ake rufe shi, ƙarƙashin ɗorawa. Kakana yana can ƙetare, da 'ya'yansu uku da suka rasu suna ƙanana, kuma kowa ya san kakata kusa da su take so a kwantar da ita.

Ciwo ya kayar da ita da tsakiyar damina, shekarar da Turawa suka miƙa mulki. Akwai wani dutse a tsakiyar rafin da mata ke wanki a kai. In kansa ya fito, ana iya ƙetarewa da ƙafa. Kullum da safe in na shiga gaishe ta, sai ta ce, "Maigidana, ka gano min dutsen?"

"Ke dai tsohuwar nan kin cika naci," nakan ce. "Ga sabon miji a gabanki, kina ta ɗokin tsoho."

"Wane miji, kai da ko goro ba ka iya sayo min? Ya fito ko bai fito ba?"

Bai fito ba. Ta dinga tilasta wa kanta kunu tana yamutsa fuska, ba don tana so ba, don dai ta kai kaka. Ina kallonta tausayi ya cika ni, har na ji na tsani hadari, ni da gerona ke buƙatar ruwa.

Sai muka ƙulla da abokaina, mu da muka tashi muna iyo a ruwan nan, cewa in ta Allah ta kasance za mu ɗaga makara bisa kai mu ƙetare da ita. Ban san wanda ya kai mata labari ba. Ta sa aka kira ni da babana.

"Na ji abin da kuke shiryawa," ta ce. "Ban yafe ba in aka sa ɗan wata a ruwa saboda gawata. Uku na binne, na san abin. Ku rufe ni a gindin ɗorawa."

Daga ranar ba ta ƙara tambayar dutse ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ta daina kokawa da kunu. Ba a jima ba ta cika, wata safiya ana yayyafi, rafi na ta ruri.

Ni da babana muka shiga kabarin muka karɓe ta. Muka kwantar da ita a kan damanta, babana ya gyara mata fuska ta fuskanci alƙibla. Da na miƙe na bi da ido inda ta dosa, sai na hango itatuwan tsohuwar maƙabarta a ƙetare, daidai saitinta. Na taɓa babana na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a miƙo itace.