Motar da Aka Koya Mana Tuƙi da Ita

Na haura shekara arba'in kafin na shiga oto-ekol koyon tuƙi. Maigidana yana aiki a Anu Araren, sai ƙarshen mako yake zuwa. Motarsa tana ajiye a ƙofar gida, ni kuwa kullum ina bin kabu-kabu zuwa lekol ɗin da nake koyarwa. Na ce gara in nemi permi, takardar izinin tuƙi, in huta.

Wata ƙaramar farar mota ce ake koya mana da ita, irin waɗanda ake kawowa daga Kwatano bayan sun tsufa a Turai. Tun makon farko na lura volan ɗinta, wato sitiyari, ba lafiya ba. Ana cikin tafiya sai ya sandare kamar an ɗaure shi, wata ƴar fitila ta kama a gabana. Sai an kashe motar an sake tayarwa yake saki. Na gaya wa monitar, wato mai koya mana. Ya ce, “Madam, hannunki ne ba ƙarfi. Alli kika saba riƙewa.” Na yarda da shi, har kunya na riƙa ji.

Wata safiya muna kusa da kasuwa ya ce in karya dama. Na murɗa, volan ya ƙi. Motar ta miƙe kan wani dattijo mutumin Timia da ya baza lemo da rumman a tabarma. Monitar ya taka birkin gefensa, amma mun riga mun hau kayan. Dattijon ya yi baya ya faɗa cikin kwata, gwiwar hannunsa ta fashe. Mutane suka taru. Monitar ya fito yana ɗaga hannu yana cewa, “Ku yi haƙuri, jama'a, mace ce, koyo take.” Wasu har da dariya. Dattijon da kansa, jini na zuba, ya ce mini, “Ba komai, ƴata, ki dai ƙara kula.”

Da muka koma, na zauna a benci bakin biro, ofishin mai makarantar. Ƙofa a buɗe take, na ji monitar yana ce wa mai makarantar, “Patron, motar nan ta sake yi fa.”

“Ai na sani,” in ji shi. “Wanda ya kawo ta ya gaya mini kamfanin ya kira irinta duka a canza wani abu a volan. Mai ita na can bai kai ba, ya sayar. To ni ina zan kai ta? Faransa?” Suka kwashe da dariya.

Na shiga na ce, “Alhaji, ashe ka sani, ka bari muke hawa?”

Ya dube ni yana sakace. “Madam, wa ya mutu?”

Na kalli monitar, ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Na ɗauki jakata na fita.

Na gaya wa sauran matan da muke koyo tare. Biyu suka bari, sauran suka ce jarrabawa ta kusa, sai sun gama. Ni a wata makarantar na samu permi. Motar kuwa daga baya Alhaji ya sayar da ita, aka mayar da ita taksi. Nakan gan ta da rana a ƙofar lekol ɗinmu, iyaye suna cusa yara a ciki. Wanda na sani ina gaya masa. Wasu su sauke ƴaƴansu, wasu su ce rana ta yi zafi, babu wata motar.